Ƙwan Agwagwar Inna

Auta ta dawo daga aiki da yamma, ko takalmi ba ta cire ba Baba ya tare ta da magana daga kan kujerarsa ta roba a bakin ɗakin ajiya.

"Na daina leƙa ƙwan nan."

"Sannu da gida, Baba. Me suka yi maka?"

"Su ba su yi mini komai ba. Ni nake yi musu. Idona ne."

Ta tsaya da jaka a kafaɗa tana kallonsa. Baba tsohon direban babbar mota ne, kuma ba mutum ne mai camfi ba. In mota ta ƙi tashi, batir yake fara dubawa kafin ya zargi kowa. Jin irin wannan magana a bakinsa ya sa ta ajiye jakar a ƙasa.

Ƙwan da ake magana a kai guda tara ne, kuma su kaɗai suka rage daga agwagin Inna. Tun Auta ba ta san kanta ba akwai fararen agwagi a bayan gidan nan, suna ɓata tsakar gida, Baba yana mita, Inna tana yi masa kunnen uwar shegu. Da Inna ta rasu, mai mitar nan shi ya koma yana yanka musu ganye yana canza musu ruwa, har yana yi musu faɗa da irin muryarta. Sai wata cuta ta shigo unguwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshen ta mutu ta bar ƙwai, tun ba ta fara kwanci ba.

Aikin Auta shi ne rubuta wa ƙananan injuna umarni, irin su sikeli da famfon ruwa. Ganin yadda Baba ya tsuguna gaban ƙwan nan ya rasa abin yi, sai ta share mataccen firjin da ke ɗakin ajiya, ta sa masa wayar zafi da 'yar fanka da wata kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba. Ta huda ƙofar ta liƙa gilashi, ta sa maɓalli a gefe. In aka danna aka riƙe, fitila ta kama a ciki, wani ɗan allo kuma ya nuna yawan zafin, kusa da hoton farar agwagwa da ta zana don ta ba Baba dariya. Ya kuwa yi dariyar, ya ce agwagwar ta fi kama da buta. Tun ranar, gaban firjin nan ya zama wurin zamansa.

"In na danna na tsaya ina kallo," in ji Baba, "sai lambar ta fara hawa. Talatin da bakwai da rabi kika ce ko? To a gabana ta kai talatin da tara. In na tafi na dawo, sai in tarar ta sauka. Da na sake tsayawa, ta sake hawa."

Irin wannan ƙarin ba wasa ba ne ga ƙwai, abin tsoro ne. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu kuma, irin ƙaiƙayin nan da ke kama ta in inji ya yi abin da ba a sa shi ba. Auta tun tana ƙarama ba a barinta da rediyo da sukudireba a ɗaki ɗaya.

Ta shiga ɗakin ajiyar ta danna maɓallin ta riƙe. Lambar ta ɗan tsaya kamar mai jin kunya, sannan ta fara hawa.

"Ni ma ta hau mini, Baba."

"To gado ne," ya ce daga bakin ƙofa, bai ko yi murmushi ba.

Ta fara zargin fitilar, ko ita ke ƙara zafi. Ta cire ta, ta sake dannawa cikin duhu, lambar ta hau abinta. Ta ɗauko ma'aunin zafi na gilashi, wanda Inna take sa musu a hammata in suna zazzaɓi, ta ajiye shi a ciki ta rufe. In ba a taɓa maɓalli ba, zafi daidai. In aka danna, ko da mutum ya rufe ido ya juya baya, zafi ya tashi.

"Ka gani? Ba ido ba ne, yatsa ne. Kada dai a sake dannawa sai na gano abin da ke faruwa."

Baba ya juya. Ya tafi ya ɗauko tsohon zanen gado ya lulluɓe firjin har ƙasa, ya ja kujerarsa ya mayar da ita tsakar gida. Wannan ya fi komai sosa mata rai.

Da safe ta isa ofis kafin a gama share matakala. Ɗaki ne guda a saman wani shagon taya, ga warin dalma, ga wayoyi sun sarƙe a ƙarƙashin tebura, ga fankar sama da ke juyawa tana ƙorafi. Abokin aikinta, wanda ya girme ta a sana'ar, yana can yana motsa shayi. Shiru-shiru ake ce masa, saboda bakinsa ba ya hutawa sai in yana haɗiya.

Ta zayyana masa komai. Abin mamaki, ya saurara har ƙarshe.

"Kin nuna wa Hedimasta?"

"Tun kafin in ɗora. Bai ce komai ba."

"Hedimasta ya yi shiru? To ko dai kin zama waliyyiya, ko kuma ba ki gaya masa gaskiya ba."

Ga wanda bai san harkar ba, abin ba shi da wuya. A cikin kowace kwamfuta akwai babbar manhaja guda da ake kira kanel, ita kaɗai ke da ikon taɓa waya da fanka da duk wani ƙarfe. Sauran manhajoji a waje suke, kowacce da gidanta a cikin ma'ajiya, kuma lambobin ɗakunan gidajen iri ɗaya ne: ɗaki na bakwai a gidan wannan daban, ɗaki na bakwai a gidan waccan daban. In manhajar waje tana son a yi mata wani abu, sai ta miƙa wa kanel adireshin inda ta ajiye bayaninta. Ƙa'ida ita ce kanel ba ta zura hannu kai tsaye. Akwai ƙofa guda da aka tanada, ta nan ake kwafo bayanin a shigo da shi ciki, sannan a yi aiki da kwafin.

Da yake mutum mai mantuwa ne, masu sana'ar suka ƙirƙiro wata 'yar kalma da ake rubutawa a jikin duk adireshin da ya fito daga waje, alamar cewa wannan baƙo ne. Injin ko ganinta ba ya yi, ba ta ƙara masa gudu ba ta rage masa. Don wata manhaja aka yi ta, mai karanta rubutun mutum tun kafin a ɗora shi a kan inji, ta kwarmata duk inda aka taɓa adireshi mai alama ba ta ƙofar da ta dace ba. Ita ce 'yan ofishin suke kira Hedimasta, saboda ba ta taɓa yabon kowa ba.

Auta ta buɗe rubutunta ta fara bi layi-layi, Shiru-shiru yana tsaye a bayanta yana ba ta labarin wani famfo da ya taɓa yin aiki sai ranar da ake ruwan sama. Manhajarta ta zafi tana miƙa wa kanel wani ɗan ƙunshi. Ga alamar baƙo a jikin adireshin ƙunshin, ga inda aka kwafo shi ta ƙofa, komai tsaf, ko makaho ya shafa ya san an bi ƙa'ida. Ta sake karantawa. A karo na gaba ne ta buɗe ƙunshin kansa ta duba abin da ke ciki, sai ta ga inda matsalar take.

A cikin ƙunshin akwai wani adireshin kuma, na inda manhajar ta ajiye yawan zafin da ake so kowace rana. Ta kwafo ƙunshin, sai ta ɗauka duk abin da ke cikinsa ya zama ɗan gida. Ba ta yi wa adireshin na ciki alama ba. Ta adana shi, ta sa kanel ta riƙa leƙa shi kai tsaye a kai a kai don ta san ko ta kunna wayar zafi ko ta kashe.

Ta rubuta 'yar kalmar a inda ta ɓace, ta sake kiran Hedimasta. Nan take ya cika mata allo da faɗa.

"Yauwa, ya farka," in ji Shiru-shiru. "Abin da kika gaya masa shi ya sani, ba ya duba. Gyara ki wuce, aikin minti kaɗan ne."

"Tsaya tukuna. In kuskure ne, me ya sa ya yi makonni yana aiki lafiya? Kuma ina ruwansa da maɓalli?"

"Ke dai ba kya cin abinci sai kin ga tukunyar."

Haka take kuwa. Ta jawo irin 'yar kwamfutar da ke gida daga cikin durowa, ta ɗora mata tsohon rubutun, ta sa ta riƙa faɗin abin da take gani a adireshin nan. Lamba ta fito daidai, ta sake fitowa daidai. Auta ta zauna ta yi tagumi, har shayin da Shiru-shiru ya zuba mata ya huce. Can sai abin ya faɗo mata. Adireshin waje ba shi da ma'ana sai a gidan manhajar da ke farke a lokacin. A cikin firjin kuwa, yawancin lokaci ba mai motsi sai manhajar zafi, don haka duk sanda kanel ta zura hannu, gidan da ya dace take faɗawa, ba don iyawa ba sai don sa'a. Da an danna maɓalli, manhajar allo ta farka. Lambar ɗaki ba ta canza ba, amma gidan ya canza.

"To shi ke nan, kin gano," in ji shi. "Gyara."

"Ban ga abin da ke ɗakin ba."

Ta haɗa maɓalli da allo, ta danna. Lambar da kanel ta karanto ta yi tsalle ta koma mafi girman lambar da wurin zai iya ɗauka. Auta ta bi taswirar manhajar allo da yatsa tana neman abin da ke zaune a adireshin, sai ta ci karo da hoton da ta zana. A wurin kwamfuta, launi ma lamba ne, kuma fari shi ne mafi girma. Ƙirjin farar agwagwar nan kanel take karantawa, ta ɗauka zafin da ake so ke nan, ta buɗe wa waya wuta iya ƙarfinta.

Shiru-shiru ya yi dariya har da riƙe teburi. Ita ma ta fara, sai dariyar ta maƙale mata. Ta tuna yadda Baba yake tsayawa gaban gilashin nan yana kallo, ba ya gajiya. Da ba don ɗan ƙarfen da ke yanke wuta in zafi ya wuce kima ba, da tuni ta dafa masa ƙwan Inna da hannunta. Kunya ta kama ta, tsoro ma ya kama ta.

Gyaran bai ɗau lokaci ba. Ta sa aka kwafo lambobin zafin ta ƙofa tun a karon farko, aka ajiye su a cikin kanel, aka ƙi karɓar duk lambar da ta wuce hankali. Hedimasta ya karanta ya yi shiru, wannan karon shirun gaskiya. Ta danna maɓallin gwaji ta riƙe har yatsanta ya yi fari, lamba ba ta motsa ba.

"Tafi gida," in ji Shiru-shiru. "In Oga ya tambaya zan ce kin je ceton rayuka. Ki gaishe da Baba, ki ce in sun ƙyanƙyashe ina kamun ɗaya."

Da rana tsaka ta shiga gida. Sai an kashe firjin kafin a ɗora sabon rubutun, ƙwai kuwa ba sa son sanyi. Baba ya ɗauko kwando ya shimfiɗa mayafin Inna mai kauri a ciki, Auta ta jera ƙwan a hankali, ya rufe su ya ɗora a cinya ya rungume. Fuskarsa kuwa bango take kallo.

Tana aiki tana yi masa bayani, don ta san shi da son jin yadda inji ke tafiya. Ya kasa kunne sosai.

"Wato an aike shi gida kaza ɗaki kaza, shi kuma lambar ɗakin kawai ya riƙe?"

"Haka ne, Baba."

"Ya shiga gidan mutane ya kwaso abin da ya tarar. Na yi yaron mota irinsa." Ya gyara riƙon kwandon. "Ita kuma kalmar da kika manta, kika ce injin ba ya ganinta. To wa take yi wa amfani?"

"Ni take yi wa. Tana tuna mini abin da ba nawa ba."

Ya jinjina kai, abin ya burge shi. Ta ji daɗi, ta ɗauka magana ta ƙare.

Kafin ta mayar da ƙwan, ta tura ƙofar ɗakin ajiyar don a sami duhu, ta riƙa ɗaukar su ɗaya-ɗaya tana haska su da tocila. Wanda ke da rai, ana ganin jijiyoyi ja da wata inuwa tana motsi a ciki. Biyar sun motsa. Huɗu kuwa sun yi duhu sun kwanta, ta juya su ta sake juyawa, ba labari. Ta faɗa masa, don ba ta iya yi wa Baba ƙarya.

"Huɗun nan ni na kashe su," ya ce.

"Ni ce, Baba. Yanzu na gama nuna maka."

"Na ji bayaninki, kuma na yarda da shi. Amma da ban tsaya a kansu ba, da suna nan." Ya shafa mayafin da ke cinyarsa. "Innarku ma haka na ja kujera na zauna na zuba mata ido. Ban iya komai ba sai kallo. Ina kallo ta tafi."

Auta ta kashe tocilar. Ta san yadda ake gano kuskure a cikin rubutu, amma wannan ba ta san ta inda ake kama shi ba. Ta mayar da biyar ɗin, ta maida fitilar, ta kunna firjin, ta danna maɓallin a gabansa ta riƙe.

"Duba, Baba. Ba ta hawa."

"Madalla. Allah ya yi miki albarka." Ya miƙe ya mayar da zanen gadon ya lulluɓe firjin, ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya, shi ke ɗumama ruwan da ake zubawa a tiren ciki, shi ke tuna mata lokacin juya ƙwai, amma daga bakin ƙofa. In ta fito sai ya tambaya, "Yaya suke?" Ta ce lafiya lau, ya zo ya gani. Ya ce ganinta ya wadatar. Ta yi lallashi, ta yi zolaya, har cewa ta yi agwagwar allo tana tambayarsa, duk a banza. Taurin kan da take da shi, a wurinsa ta gado, kuma nasa ya fi nata shekaru.

Wata safiya da ba ta zuwa aiki, tana tsugune a tsakar gida tana wanki, sai Baba ya ɗaga hannu.

"Kin ji?"

Ta tsaya. Daga ɗakin ajiya wata siririyar murya take fitowa, tana yi tana hutawa. Saura kaɗan ta watsar da bokitin ta ruga. Sai ta dubi Baba. Ya riga ya miƙe, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa, idonsa a kan ƙofar.

Ta mayar da hannuwanta cikin kumfa har gwiwar hannu.

"Tashi ki duba mana," ya ce.

"Hannuna duk sabulu ne, Baba. In na taɓa maɓallin da ruwa zai lalace."

"Ki goge."

"Ban ga tsumma ba."

Tsumman yana rataye a kan igiya, daidai saman kanta, kuma dukansu sun san haka. Ya harare ta. Ta sunkuyar da kai ta kama cuɗa rigar da ta riga ta fita tas. Muryar ta sake fitowa, wannan karon da ƙarfi, har da wata tana amsa mata.

Ta ji takunsa ya nufi ɗakin, ta ji zanen gadon ya zame ƙasa. Ta lallaɓa ta tsaya a bakin ƙofa, kumfa yana ɗiga daga yatsunta.

Baba ya duƙa gaban gilashin, babban yatsansa a kan maɓalli, hasken fitilar a fuskarsa. Ba ƙwan yake kallo ba tukuna, allon yake kallo. Talatin da bakwai da rabi. Ya jira, irin jiran mutumin da ya san za a yi masa ba daidai ba. Lambar tana nan inda take, kusa da agwagwar da ta fi kama da buta. Ya ƙara jira. A hankali ya sauke idonsa zuwa gilashin.

Ɗan agwagwa ɗaya ya riga ya fito, jiƙe sharkaf, ya kife a kan tire yana haki. Na kusa da shi ya huda ɓawo, ɗan bakinsa yana shiga yana fita.

"Wannan mai faɗin kan," in ji Baba, "jikan agwagwar nan ta bakin rijiya ne, wadda take cizon Innarku a ƙafa."

Ya canza yatsa bai saki maɓallin ba. Ya goge ido da kafaɗa don kada ya ɗauke hannu.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ɗauko mini kujerata."